Ƙwayar Kirki Ma Sai Ta Iya Zama a Saiwa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni malamin makaranta ne, ina kuma taɓa noma. Bara na sayi wani baƙin gari a leda, aka ce ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, idan aka cuɗa iri da shi waken suya ba ya buƙatar takin yuriya. Sai na raba gonata biyu, rabi na shuka irin da na cuɗa, rabi wanda ban cuɗa ba. Har girbi ban ga bambanci ba. Amma wani abokina da ya sa irin wannan garin a sabuwar gona, wakensa ya yi kore shar, ya kuma cika buhu fiye da nawa. Cuta ta aka yi, ko ni na yi kuskure? Na kuma ji ana cewa masana sun gano wasu ƙwayoyin gado da ke sa bakteriya su kama jikin shuka. Mece ce gaskiyar wannan magana? — Malam A. I.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Raba gonar nan da ka yi ya faranta mini rai ƙwarai, domin da ba ka raba ba, da yanzu zato kawai muke yi ni da kai. A ganina ba lallai ba ne an cuce ka, kuma ba lallai ba ne ka yi kuskure. Bakin zaren yana cikin kalma ɗaya da ka rubuta game da abokinka, wato “sabuwar” gona. Tambayoyin naka biyu kuwa amsarsu ɗaya ce.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu naitirojin ne, sinadarin da shuka ta fi ƙishirwa, amma ba ta da hanyar ɗiban sa daga iska. Wasu bakteriya ne kawai ke da makamin da ke fasa shi ya zama abin da saiwa za ta iya sha. Tun 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun wannan sinadari ne ta ’yan ƙululun nan da ke jikin saiwarsu. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar da ke cikin ƙululun ya rene ta a ɗakin gwaji, kuma zuwa 1896 har an fara sayar wa manoma ita a Jamus. Ka ga garin da ka saya ba sabon abu ba ne, ya haura shekara 120. Kukan da ka yi ma tsoho ne kamarsa: a wannan gona ya yi aiki, a waccan shiru.

Abin da ya ɗauki masana lokaci kafin su gane shi ne, iya aikin alheri daban, iya zama a saiwa daban. Saiwa ba ta zaune haka kawai a ƙasa. Kullum tana tsattsafo sukari da ’yan sinadarai masu tsami da wani yauƙi, ga kuma matattun ƙwayoyin fatarta da ke zuba. Ga bakteriya, wannan wuri kamar bakin rijiya ne a tsakiyar rani, kowa can ya nufa. A giram ɗaya na ƙasar da ke manne da saiwa ana samun bakteriya ɗaruruwan miliyoyi. Ƙwayar da ka cuɗa da irinka baƙuwa ce ta faɗo cikin wannan turmutsitsi, kuma duk ingancinta ba zai amfane ka ba idan ’yan gida suka riga ta samun wuri.

Na ga wannan da idona tun ina ɗalibi. An ba ni wani nau’in ƙwaya da aka yaba ƙwarai, na shuka wake da ita a tukwane cike da yashin da muka dafa don kashe duk wani abu mai rai a cikinsa. Waken ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo, na kusa da shi da ba a sa wa ƙwayar ba ya yi ɗorawa ya tsumbure. Sai muka maimaita da ƙasar gona wadda ba a dafa ba. Bayan mako shida na tono saiwoyin, na matse ƙululun ɗaya bayan ɗaya a kan faranti mai maganin da ƙwayata kaɗai ke jure masa. Mafi yawan wuraren da na ɗiga suka kwana fayau, babu abin da ya tsiro. Ƙululu ga shi nan birjik a saiwa, amma masu gidan wasu ne daban. Na daɗe ina tunanin wannan faranti, kuma shi ya sa har yau idan aka yabi wata ƙwaya a gabana, tambayata ta farko ita ce: a wace irin ƙasa aka gwada ta?

To a nan maganar ƙwayoyin gado ta shigo. Ƙwayar gado wani yanki ne na rubutun halitta da ke cikin kowane mai rai, kowane yanki da aikin da yake umarni a yi. Bakteriya ɗaya tana ɗauke da dubbai. Masana a Jami’ar Leiden ta Holan, ƙarƙashin Ben Lugtenberg, sun shafe shekaru suna lalata su ɗai-ɗai a jikin bakteriyar Pseudomonas, su haɗa mai lahanin da lafiyayyar a kan irin tumatir, su ga wace ce za ta kai tsinin saiwa. Wadda aka raba da ’yar wutsiyar da take iyo da ita, an bar ta a baya. Wadda ke da wutsiya amma ba ta jin ƙamshin abin da saiwa ke fitarwa, ta yi ta iyo ba alƙibla. Haka wadda ba ta iya haɗa wa kanta bitamin B1 ko wasu tubalan furotin, da wadda aka taɓa rigar da ke lulluɓe da jikinta.

Akwai gwajinsu guda na shekarar 2000 da nake son ka riƙe. Suna da wata Pseudomonas mai kare tumatir daga ruɓar saiwa ta hanyar fitar da wani magani da ke kashe Fusarium, wani fangas (dangin fumfuna) mai kawo ruɓar. Sai suka lalata mata ƙwayoyin gadon kama saiwa kawai, na maganin ba su taɓa ba. A faranti tana nan tana fitar da maganinta kamar da. A ƙasa kuwa tumatir ya ruɓe. Magani yana hannunta, amma ba ta isa inda mara lafiya yake ba.

Yanzu an daina bin su ɗai-ɗai. A 2017 wasu masana a Kalifoniya ta Amurka suka haɗa tarin bakteriyar Pseudomonas simiae, kowace ƙwaya da lahani a wuri guda da kuma wata alama ta musamman a cikin rubutun halittarta, kamar lambar da ake bugawa a jikin kaya. Suka zuba su gaba ɗaya a kan saiwar wata ’yar ciyawar gwaji mai suna Arabidopsis, daga baya suka ƙirga lambobin da suka ragu. Ta haka suka fito da ƙwayoyin gado 115 da sai da su ƙwayar ke cin gasar kama saiwa, da yawansu na motsi ne da na cin abincin da saiwa ke bayarwa. A 2018 wani ayarin ya kwatanta cikakken rubutun halittar bakteriya 3,837, aka ga cewa masu zama da shuka sun fi sauran yawan ƙwayoyin gadon sarrafa sukari iri-iri. Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin ɗakin gwajin Philip Poole a Okusfod a 2020, a kan Rhizobium, bakteriyar ƙululu mai zama da wani nau’in wake. Sun bi ta tun daga ƙasa har cikin ƙululu, suka ƙirga yankuna 603 na rubutun halittarta da take buƙata a wannan tafiya. Waɗanda aka sani da aikin kama naitirojin kansa 27 ne kacal. Sauran galibi na hanya ne da na zama: iyo, ci, mannewa, jure wahala, da shiga jikin shuka ba tare da an kore ta ba.

Shigar kuwa sai da sallama. Saiwar wake tana sakin wasu sinadarai da ake kira filabonoyid, kowane nau’in wake da nasa. Na waken suya su ne jenistin da daidzin. Bakteriyar da ta dace tana da wani furotin mai suna NodD da ke jin wannan kira, sai ya tashi wasu ƙwayoyin gado da ake kira nod, su kuma su haɗa wani sinadari na amsawa. Masana a Tulus ta Faransa ne suka fayyace siffarsa a 1990, kuma a 2003 aka gano a Jami’ar Aarhus ta Denmak abin da ke jikin saiwa mai karɓar wannan amsa. Idan amsar ta yi daidai, abin da ke biyo baya yana da ban sha’awa a madubin ƙara girma. Siririn gashin saiwa, wanda da yake miƙe, sai kansa ya lanƙwashe kamar ƙugiya ya rufe ’yan ƙwayoyin a tsakiya. Daga nan shuka da kanta take gina musu wani siririn bututu, su bi shi a jere suna hayayyafa har cikin naman saiwa, inda tuni ta fara gina ɗakin da za su zauna. Idan amsar ba ta yi daidai ba, gashin ko motsi ba ya yi. Wannan ne ya sa garin da aka yi don waken suya ba lallai ya yi wa wani wake komai ba. Akwai dai masu baki da yawa, kamar wata mai lamba NGR234 da aka samo a Papuwa Niyu Gini, wadda ke shiga dangogin wake sama da 100. Gyaɗa kuma nata tsarin daban ne, ta ’yan tsage-tsagen da ke gindin ƙananan saiwoyi ake shigar ta.

Mu dawo gonarka. Waken suya asalinsa gabashin Asiya ne, kuma ƙasar da ba ta taɓa ganin sa ba sau da yawa ba ta da ƙwayar da ke jin yarensa. A sabuwar gonar abokinka baƙuwar ta tarar da fili babu mai ja da ita. Taka kuwa, idan an taɓa noma waken suya a cikinta ko wani wake mai karɓar irin waɗannan ƙwayoyi, to akwai ’yan gida da suka saba da zafinta da tsaminta da farinta. Garin da ke jikin iri yana nan wuri guda a sama, saiwa kuma tana nutsawa ƙasa ta bar shi, duk inda ta kai ’yan gida ne ke tarbar ta. Manoman tsakiyar ƙasar Amurka sun daɗe da wannan matsala: ana sa musu ƙwaya mai inganci, amma mafi yawan ƙululun sai a tarar wani tsohon dangi na ƙasar, mai lamba 123, shi ya mamaye.

Idan ’yan gidan ma’aikata ne, ba ka yi asarar komai ba sai kuɗin gari. Damuwar ita ce in ragwaye ne. Ƙwayoyin gadon sallama da na kama naitirojin sau da yawa a dunƙule suke wuri guda, kuma dunƙulen yana iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. A Niyu Zilan an sa ƙwaya nau’i ɗaya tak a wata gona da ba ta da irinta, bayan shekara bakwai aka tarar da nau’o’i daban-daban a cikin ƙululun, dukkansu ɗauke da dunƙulen baƙuwar mai haruffa kusan 500,000. A yammacin Ostireliya an ga irin haka, sai dai can wasu daga cikin waɗanda suka karɓi dunƙulen sun iya buɗe ƙofa su zauna, amma naitirojin da suke bayarwa kaɗan ne ko babu.

Ga abin da nake so ka yi bana, Malam. Idan waken ya fara fure, ka tono gindi biyar daga kowane rabi. Tonowa za ka yi da fartanya, kada ka fizge, domin ƙululun tsinkewa suke su zauna a ƙasa. Ka wanke saiwar a hankali cikin bokiti, ka sa reza ka raba ƙululun biyu. Mai aiki cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, har yakan ɗan ɓata yatsa. Jan nan wani furotin ne ɗan’uwan wanda ke cikin jininmu, shuka ke yin sa don ya riƙe iskar oksijin, saboda makamin fasa naitirojin lalacewa yake idan oksijin ya yi masa yawa. Fari ko dai bai nuna ba ko rago ne, kore kuma ya tsufa ya ajiye aiki. Idan ka ga manyan jajaye a ɓangarorin biyu, gonarka tana da ma’aikatanta. Idan manyan sun taru a saman uwar saiwa kusa da inda iri ya tsaga a ɓangaren da ka cuɗa kaɗai, garin ya kama. Idan ƙanana ne farare barkatai, ragwaye ne suka cika gidan. In kuma babu ƙululu ko’ina, to ka tuhumi garin ko yadda aka riƙe shi, domin abu ne mai rai: rana tana kashe shi, zaman leda a wuri mai zafi yana kashe shi, wasu magungunan iri ma haka. A inuwa ake cuɗawa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Ka kuma tuna ko gonar ta sha yuriya ko taki mai yawa kafin nan, don shuka in ta ƙoshi da naitirojin ba ta buɗe ƙofa. Ƙarancin fosfaras ma yana hana ƙululu girma. Ka rubuto mini abin da reza ta nuna maka.

Tambaya: Dakta, ina aji biyu a jami’a ina karanta ilimin halittu. An koya mana cewa shuka tana da garkuwar jiki. To yaya take bambance bakteriya mai amfani da mai cuta, tunda dukkansu bakteriya ne? — Ɗalibarku, H. M.

Amsa: ’Yata, kin yi tambayar da manyan masana ke kanta har yanzu. A farkon haɗuwa shuka ba ta bambancewa, duk baƙo abin tuhuma ne. A jikin wutsiyar bakteriya akwai wani ɗan guntun furotin mai tubala 22, kuma masana a Basel ta Suwizalan sun nuna a 1999 da 2000 cewa shuka tana da mai gadi na musamman da ke gane shi. Da ya ji shi sai a rufe ƙofofi a saki guba, ko mai wutsiyar na kirki ne ko mugu.

Saboda haka ƙwayar kirki ma sai da dabara. Dangin Rhizobium sun sauya wannan guntun har mai gadin ba ya gane shi. Sai dai Agrobacterium, ’yar’uwarsu ta kusa mai sa wa shuka ƙari, ita ma haka ta yi, kin ga dabarar ba ta nuna halin mai ita. Wata Pseudomonas mai amfani da aka bincika a Utrecht ta Holan a 2019 tana fitar da wani sinadari mai tsami kewaye da ita, tsamin sai ya dakushe faɗakarwar saiwa. Da aka lalata ƙwayoyin gadon yin tsamin, saiwa ta farga, yawanta a jikin saiwar ya ragu.

Hukuncin gaskiya bayan an zauna ake yin sa, kuma da aiki ake auna kowa. A 2003 Toby Kiers da abokan aikinta suka rufe ƙululun waken suya cikin iskar da aka cire wa naitirojin aka sa argon, wata iska da ƙwayoyin ba sa iya sarrafawa, a madadinsa, wato aka tilasta wa ƙwayoyin kirki zaman banza. Shukar ta rage musu oksijin, hayayyafarsu ta faɗi da kusan rabi. Ba ta san dalilinsu ba, abin da ta sani kawai ɗakin nan ba ya kawo komai. Akwai kuma lokacin da ita ke kira. An nuna a Jami’ar Delaware a 2008 cewa idan cuta ta kama ganyen Arabidopsis, saiwarta tana ƙara fitar da sinadarin malik, wanda ke jawo wata bakteriya mai amfani, Bacillus subtilis, ta zo ta shimfiɗa yauƙinta a jikin saiwar. In za ki zaɓi abin bincike a ajin ƙarshe, ki duba wannan fage, yana buƙatar hannaye.

Tambaya: Me ya hana a ɗauki waɗannan ƙwayoyin gado a sa wa masara da shinkafa, kowa ya huta da sayen taki? — Wani mai karatu

Amsa: Ɗan’uwa, wannan buri ya haura shekara 50. Tun 1972 Ray Dixon da John Postgate a Ingila suka kwashe ƙwayoyin gadon kama naitirojin daga wata bakteriya suka sa wa wata, ta kuwa fara aikin. Shuka ce ta gagara, domin makamin yana buƙatar ƙwayoyin gado da yawa su yi aiki tare a ma’auni ɗaya, yana cin ƙarfi sosai, ga shi oksijin na kashe shi, ganye kuwa oksijin yake samarwa. Gina wa masara ƙululu ma ana kai, tunda tana da wani ɓangare na hanyar sallamar da take amfani da shi wajen hulɗa da fangas masu amfani, amma ba a kai gona ba tukuna.

Abin da ya kai gona shi ne zaɓo ƙwayoyin da suka riga suka iya zama da hatsi. Johanna Döbereiner ta yi rayuwarta a Barazil a kan wannan, ita da abokan aikinta suka fito da bakteriyar Azospirillum brasilense, wadda yawancin amfaninta ta hanyar ƙara yawan saiwa ne. Mariangela Hungria ta ɗora daga nan, har aka ba ta babbar kyautar abinci ta duniya a 2025, kuma a yau kusan duk waken suyar Barazil ba a sa masa takin naitirojin. Akwai kuma wata doguwar masara a tsaunukan Oaxaca na Meziko mai fitar da saiwoyi a jikin kara, sama da ƙasa. Idan aka yi ruwa sai saiwoyin su riƙa ɗigar da wani yauƙi mai kauri cike da sukari, wanda ke ciyar da bakteriya ya kuma tare musu oksijin. Rahoton da aka buga a 2018 ya ce tana samun kashi 29 zuwa 82 cikin 100 na naitirojinta daga iska ta wannan hanya. Sai dai tana ɗaukar wata takwas ko fiye kafin ta nuna, kuma aikin da ake yi yanzu shi ne gano ƙwayoyin gadon yin yauƙin don a gwada sa su a masara mai saurin nuna.